Yadda Mai Haɗa Sabulu da Man Shafawa Za Ta Yi wa Sana'arta Inshorar Diyya

Daga Kano zuwa Zariya, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da matar da ke haɗa kayan gyaran jiki a gida ba. Wata sabulun salo take kwaɓawa da zuma da kurkur, wata man kaɗanya take narkawa da man kwakwa, wata kuma dilka da halawa ne nata. A yi talla a WhatsApp da Instagram, a kai tasha a aika Legas ko Maraɗi. Sana'a ce mai albarka, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai kayan nan a jikin mutum suke sauka, kuma fata ba iri ɗaya ba ce. Man da ya karɓi mata 100 yana iya ƙona fuskar ta 101, wataƙila ma amarya ce saura mako guda a ɗaura aure.

Idan hakan ta faru, akwai kuɗin asibiti, akwai diyya, in magana ta kai kotu akwai kuɗin lauya. Inshorar diyya yarjejeniya ce tsakaninki da kamfani: kina biyan wani kuɗi ƙayyadadde duk shekara, shi kuma ya ɗauki wannan nauyi idan kayanki suka cutar da wani. Amma ki riƙe abu guda tun daga nan, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Kamfanin inshora yana biya ne kawai idan abin da kika faɗa masa ya yi daidai da abin da ke cikin robar da kika sayar, kuma kina da rubutun da zai nuna haka.

Mataki na 1: Ki san nauyin da doka ta ɗora miki

A Najeriya akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce idan kaya mai aibi ya jawo cuta, wanda ya samar da shi ne ke da alhaki, ko da wanda ya cutu ba daga hannunsa ya saya ba. Wato idan wata ta sayi manki ta ba ƙanwarta kyauta, ƙanwar tana da damar neman haƙƙinta a wurinki. Haka nan rubuta “ba ma mayar da kuɗi” ko “duk abin da ya faru ba ruwanmu” a shafin talla ba ya sauke wannan nauyi.

Masu sana'a da yawa suna dogara da cewa shekara da shekaru suna sayarwa ba a taɓa kawo ƙorafi ba. Akwai tsohuwar shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa har yau, kuma a kan fata take. A 1931 wani likita mai suna Richard Grant a birnin Adelaide na Ostireliya ya sayi tufafin ciki na ulu. An bar ragowar wani sinadari a jikin yadin tun daga masaƙa, sai ya haifar masa da ciwon fata mai tsanani har ya yi watanni a kwance. Kamfanin ya kare kansa da cewa ya yi irin wannan kaya sama da miliyan 4 ba wanda ya koka. A 1935 kotun ƙoli ta daular Ingila da ke Landan, wadda ita ce kotun ƙarshe ga Najeriya ma har zuwa 1963, ta ba likitan gaskiya. Yawan waɗanda suka ji daɗin kaya bai hana a biya mutum ɗayan da ya cutu ba.

Mataki na 2: Ki gyara gida kafin ki nemi kamfani

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa.

Fara da rajistar suna a hukumar CAC. Akwai bambanci mai girma tsakanin rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani. A ta farko, ke da sana'ar abu ɗaya ne a idon doka, idan aka ci ki bashin diyya ana iya bin dukiyarki ta kanki. A ta biyu, kamfanin yana da matsayinsa daban. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai da abokin tarayya ba. Ko wacce kika zaɓa, sunan da ke takardar CAC shi ne zai hau sitikar kayanki, shi ne kuma zai hau takardar inshora. Idan suka saɓa, an buɗe ƙofar gardama ranar biya.

Sai NAFDAC. Tun kafa ta a 1993, ita ke da ikon kula da kayan kwalliya da na shafawa, kuma doka ta hana sayar da su ba rajista. Ana cika takardu ta intanet, jami'ai su zo su duba wurin aiki, a kai samfuri ɗakin gwaji, sannan a ba kowane kaya lambarsa, wadda ke aiki shekara 5. Za su so su ga wurin haɗi daban da inda ake girkin gida, da ruwa mai tsafta, da mazubai da cokulan da ba a amfani da su a wani abu. Ki lura, lamba ɗaya ta kaya ɗaya ce. Lambar sabulu ba ta rufe man fuska. Yawancin takardun inshora suna da sharaɗin cewa sana'ar tana bin dokar ƙasa, don haka kayan da ba shi da rajista yana iya zama hujjar ƙin biya.

Sitikar jikin roba ta ƙunshi sunan kaya, da jerin duk abin da aka zuba, da nauyi, da ranar haɗawa da ranar da zai daina aiki, da adireshinki, da lambar kwaɓi. Ki ƙara gargaɗi a fili, da Hausa da Turanci: a fara shafa kaɗan a cikin dantse ko bayan kunne a jira kwana ɗaya ko biyu, a kiyaye ido, kada a shafa a kan rauni, a daina idan an ji ƙuna ko ƙaiƙayi. Idan akwai man gyaɗa ko man riɗi a ciki ki bayyana, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsu ko kaɗan.

Lambar kwaɓi ta kawo mu ga littafi. Ki sayi babban littafi mai kauri, ko ki buɗe shafi a waya da ba zai ɓata ba. Duk lokacin da kika yi haɗi, ki ba shi lamba, ki rubuta kwanan wata, da kowane sinadari da nauyinsa a sikeli, da inda kika saye shi, da adadin robobin da suka fito, da waɗanda aka sayar wa. Awo da cokali da murfin kwalba da ƙiyasin ido ba zai tsaya a gaban mai bincike ba, sikeli mai nuna giram ake buƙata. Ki ajiye rasiɗin 'yan kemikal, ki ɗauki hoton jarkar da rubutun jikinta. Daga kowane kwaɓi ki ware roba ɗaya ki rufe ki adana har ranar ƙarewarsa ta wuce. Wannan robar ita ce shaidarki, ita za a kai ɗakin gwaji idan an ce kayanki ne ya yi ɓarna.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo cutarwa a haɗin gida, kuma littafin zai nuna ko kin kiyaye su. Na farko soda. Idan ta yi yawa a sabulu, ko aka sayar da shi bai gama nuna ba, yana cin fata. Sabulun da aka haɗa ba dafawa yana buƙatar mako 4 zuwa 6 yana shan iska, kuma takardar gwajin kaifi (pH), wadda ba ta da tsada, ya kamata ta nuna wajen 9 zuwa 10. Na biyu ruwa. Duk man da aka sa wa ruwa, ko ruwan fure, ko madara, ko ruwan alobera, to ƙwayoyin cuta za su hayayyafa a cikinsa cikin 'yan kwanaki idan ba a sa sinadarin hana lalacewa ba, balle a zafin watan Afrilu. Ƙamshin turare yana rufe warin, mai saye ba za ta gane ba sai ƙuraje sun fito.

Mataki na 3: Ki tantance irin inshorar da kike nema

Mutane sukan ce “na yi inshora” alhali ta gobara ce ko ta sata. Waɗannan dukiyarki suke karewa, ba su biyan wanda ya cutu.

Ginshiƙin abin da kike nema shi ne inshorar alhakin kaya: tana biyan diyya da kuɗin shari'a idan abin da kika haɗa ko kika sayar ya raunata mutum ko ya lalata masa dukiya bayan ya bar hannunki. Galibi ana haɗa ta da inshorar alhakin jama'a, wadda ke aiki idan wani ya ji ciwo a shagonki ko rumfarki, misali ya zame a kan man da ya zube, ko kanta ta faɗo wa yaro a wurin baje koli. Masu shirya manyan kasuwannin baje koli, musamman a ƙasashen waje, sukan nemi ganin wannan takarda kafin su ba da rumfa.

Idan bayan sayarwa ke da kanki kina yi wa amare dilka da halawa da turaren jiki da lalle, wannan wani haɗari ne daban, domin hannunki ne ya yi aikin. Halawa mai zafi tana ƙuna. Baƙin lalle da ake sa wa sinadarin PPD, irin na rinin gashi, yana sa fata ta yi bororo ta bar tabo a siffar zanen. Inshorar kaya ba lallai ta rufe aikin hannu ba, sai an rubuta shi a ciki da sunansa. Haka ma idan kina koyar da haɗi a aji ko ta waya, ko kina haɗa wa wasu su manna sunansu. Duk ki lissafa.

Akwai kuma ta janye kaya daga kasuwa, wadda ke biyan kuɗin sanarwa da dawo da kwaɓin da ya lalace. Daban ake sayenta, kuma ga mai ƙaramin jari ba ita ce ta farko ba. Idan kina da ma'aikata, raunin da suka ji a bakin aiki, kamar soda ta fallatsa a ido, yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da asusun NSITF ke gudanarwa.

Mataki na 4: Ki zaɓi wanda za ki ƙulla da shi

Mata da yawa a nan suke tsayawa, saboda abin da suka ji daga malamai game da inshora. Damuwar tana da tushe. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana ƙunshe da garari, wato rashin tabbas, mai ɓata ƙulli, ta kuma halatta ta taimakekeniya da aka gina kan sadaukarwa. Wannan ita ce takaful. A Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979. Masu shiga suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda musiba ta samu daga ciki, kamfani ya karɓi ladan gudanarwa, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka cancanta, kuma ba a juya kuɗin a harkar ruwa. A Najeriya hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful da Hilal Takaful. Ki tambaye su kai tsaye ko suna rufe alhakin kayan shafawa, kuma da waɗanne sharuɗɗa.

Ko takaful ko ta gama-gari, ki duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi da ke shafin NAICOM kafin ki fitar da kobo. Sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin da ba na inshorar rai ba zuwa naira biliyan 15, don haka jerin yana iya sauyawa, ki duba na yanzu.

Shawarata ki bi ta hannun dillalin inshora mai rajista da majalisar dillalai ta NCRIB. Wakilin kamfani kayan kamfaninsa kaɗai yake tallatawa. Dillali naki ne, zai nemo miki farashi daga wurare 2 ko 3, ya fassara miki sharuɗɗa, ya tsaya miki ranar neman biya, kuma a al'ada kamfanin ne ke biyansa kamisho. Wannan nau'in inshora ba irin ta mota ba ce da ake yanka a tebur, kowace sana'a ana auna ta daban.

Mataki na 5: Cika fom, kuma ki faɗi gaskiya duka

Za a ba ki fom mai tambayoyi: me kike haɗawa, da me, a ina, cinikin nawa kike yi a shekara, su wa ke saye, ina kaya ke zuwa, ko an taɓa kawo ƙorafi. Daga amsoshin nan ake yanke kuɗin da za ki biya. Ƙa'idar inshora ita ce dole mai nema ya bayyana duk abin da zai iya sauya shawarar kamfani. Idan daga baya aka gano an ɓoye wani abu mai muhimmanci, kamfani yana iya soke yarjejeniyar kamar ba a taɓa yin ta ba.

A nan dole a yi maganar haɗin hasken fata, domin shi ne ke kawo kuɗi, shi ne kuma ke kawo mafi munin rauni. Akwai masu kiran kayansu “oganik” alhali sun matse tub na maganin sitiroyid irin kulobetasol a cikin man kaɗanya, ko sun zuba haidirokwinon ba awo, ko wani gari da ɗan kemikal ya ce yana sa fari wanda su kansu ba su san sunansa ba. Ƙa'idojin NAFDAC sun haramta makuri (zaiba) da sitiroyid a kayan shafawa, sun kuma taƙaita haidirokwinon ga kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, rauni ya ƙi warkewa. Haidirokwinon idan an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar gogewa. Makuri yana taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga jariri ta ciki ko ta nono.

Babu kamfanin da zai rufe kayan da doka ta hana. Idan kin faɗa, za su ƙi karɓa. Idan kin ɓoye, za su karɓi kuɗinki, ranar da abu ya faru a kai robar ɗakin gwaji, sakamako ya fito, a bar ki ke kaɗai da mai ƙara da NAFDAC. Hanya ɗaya ce: ki cire waɗannan daga sana'arki gaba ɗaya. Ina faɗin haka ba don inshora kawai ba. Wadda ta saya 'yar'uwarki ce, ta amince da ke ta ɗora abin a fuskarta.

Haka nan ki bayyana idan kina sayo man da wani ya haɗa a jarka ki ɗura a robarki da sunanki, domin da zarar sunanki ya hau, ke za a nema. Ki bayyana kayan jarirai, da na matsi da sauran abin da ake sa wa a gaba, da kwalli, wanda aka sha samun dalma a wasu nau'o'insa. Kamfanoni suna ɗaukar waɗannan da haɗari mafi girma, wasu su togace su. Kada ki rage adadin cinikinki don a rage miki kuɗi. Kuma ƙorafin da aka taɓa yi miki, ko da an sasanta shi a zaure da dattawa, ki rubuta shi. Ki ɗauki hoton fom ɗin bayan kin cika, ki ajiye.

Mataki na 6: Ki karanta takardar kafin ki biya

Ki nemi a ba ki cikakken rubutun yarjejeniyar, ba shafin farko mai tambari kaɗai ba. Idan Turancin ya yi nauyi, ki zauna da dillali ya bi miki layi-layi, ki sa ya amsa tambayoyinki a rubuce.

Duba iyakar biya. Yawanci adadi biyu ne: na kowane hatsari, da na shekara gaba ɗaya. A ce an rubuta naira miliyan 5 a kan hatsari ɗaya, miliyan 10 a shekara. Idan kwaɓi ɗaya ya ƙona mata 8, takardu da yawa suna lissafa shi hatsari ɗaya, wato miliyan 5 ɗin nan za a raba musu, abin da ya haura kuma yana wuyanki. Ki tambaya ko kuɗin lauya a cikin iyakar yake ko a bayanta, domin idan a ciki ne shari'a tana iya cinye rabi kafin a zo kan diyya.

Duba kason da ke kanki. Idan an ce naira 100,000, to duk neman diyya ke za ki fara biyan wannan, kamfani ya ɗora daga nan. Ƙara shi yana rage kuɗin shekara, amma kada ki amince da adadin da ba za ki iya fitarwa cikin mako ɗaya ba.

Duba iyakar ƙasa. Takardar da aka rubuta don Najeriya ba ta bin kayanki zuwa Damagaram ko Akara ko Jidda sai an ƙara. Yawancinsu suna togace Amurka da Kanada saboda tsadar shari'a a can. Idan kina aika wa 'yan'uwa a Turai suna sayarwa, dokar Tarayyar Turai ta 2009 kan kayan kwalliya ta wajabta a sami wani a can da zai ɗauki alhakin kayan, da rahoton gwajin lafiyarsu. Kasuwar Amazon ta Amurka kuma tana neman inshorar akalla dala miliyan 1 daga wanda cinikinsa ya haura dala 10,000 a wata guda.

Duba lokaci, wannan yana da ɗan rikitarwa amma ya cancanci a tsaya. Wasu takardun suna kallon ranar da cutar ta auku, wasu suna kallon ranar da aka kawo ƙara. A ce inshorarki ta ƙare 31 ga Disamba ba ki sabunta ba. Wata ta shafa manki a Nuwamba ta ƙone, amma wasiƙar lauyanta ba ta iso ba sai Maris. A nau'in farko inshorar za ta biya, domin abin ya faru tana aiki. A nau'i na biyu ba za ta biya ba. Ciwon fata wani lokaci yana ɗaukar watanni kafin a danganta shi da mai, don haka ki san wanne aka ba ki. Idan na biyu ne, kada ki bar giɓin ko da kwana ɗaya tsakanin shekara da shekara, kuma ki tambayi daga wace rana aka fara lissafa kayan da kika sayar a baya.

Sai jerin togaciya. Kusan ko'ina za ki tarar ba a biyan kuɗin kayan kansa ko musanya shi, ba a biyan tarar hukuma, ba a biyan abin da aka yi da gangan, ba a kuma biyan wanda ya ce man bai yi aikin da aka yi alkawari ba. Na ƙarshen nan ya shafi talla. Da zarar kin rubuta cewa sabulunki yana warkar da kyasbi ko makero ko ƙyanda, kin fitar da shi daga kayan kwalliya kin shigar da shi sahun magani, wanda rajistarsa daban ce, kuma inshorarki ba ta san da shi ba. Ki ce yana wankewa, yana laushi, yana ƙamshi.

Mataki na 7: Biya

Doka a Najeriya ita ce sai kuɗi ya shiga inshora take fara aiki. Ki biya ta banki zuwa asusun kamfani ko na dillali mai rajista, kada ki tura asusun wani mutum. Ki karɓi rasiɗi da takardar shaida, ki duba suna da adireshi da jerin kaya harafi-harafi, sannan ki sa ranar sabuntawa a wayarki da wata ɗaya kafin lokaci.

Mataki na 8: Ranar da ƙorafi ya zo

Lafiyar mutum ce farko. Ki ce ta daina shafawa nan take, ta wanke da ruwa mai yawa, ta je asibiti, in da hali wurin likitan fata. Kada ki ba ta wani haɗin “don ya gyara”. Ki yi mata sannu da zuciya ɗaya, ki bibiyi jikinta.

Amma akwai bambanci tsakanin jaje da ɗaukar laifi. Kusan kowace takardar inshora ta hana ki amsa alhaki, ko ki yi alkawarin biya, ko ki sasanta, ba da yardar kamfani ba. Wannan yana da wuya a al'adarmu, inda ake son a kashe magana tun a gida, miji ko yaya ya je ya ba da haƙuri a haɗa da ɗan abin hannu. Idan kika yi haka kafin ki sanar, kamfani yana iya janye hannu. Abin da za ki ce shi ne kin ji, kin damu, kina da inshora, za ki sanar da su yau kuma za a tuntuɓe ta.

Ki sanar da dillali ko kamfani a rubuce a ranar, ko da kina ganin abin ba zai yi nisa ba. Ki nemi hoton robar da lambar kwaɓi, ki roƙa kada a zubar da ragowar. Ki adana duk saƙonnin WhatsApp da na murya, kada ki goge komai, kada kuma ki shiga cacar baki a Facebook ko TikTok. Ki buɗe littafinki ki ga su wa suka sayi kwaɓin nan, ki dakatar da sayar da shi, ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Duk wasiƙar lauya ko sammaci ki miƙa wa kamfani ba tare da kin amsa da kanki ba. Za su turo mai bincike, zai nemi littafi da rasiɗai da robar da kika ajiye.

Idan kamfani ya ƙi biya, ki nemi dalili a rubuce. Idan bai gamsar ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kai ƙara can ba ya buƙatar lauya.

Duk lokacin da kika ƙara sabon kaya, ko kika sauya sinadari, ko kika koma wani wuri, ko kika fara aikawa wata ƙasa, ki sanar kafin ki fara sayarwa, kada ki jira ƙarshen shekara. Idan kuma farashin da aka yanka miki ya fi ƙarfin jarinki a yanzu, ku haɗu da sauran masu sana'ar a ƙungiya mai rajista ku sa dillali ya nemo muku farashin taro, kowace da sunanta a takardar da iyakar biyanta. Kafin hakan ta samu, ki rage kayan da suka fi haɗari, ki tsaya kan sabulu da man da ba ruwa a cikinsa, ki ci gaba da littafi da ajiyar samfuri, ki kuma riƙa ware wani abu daga kowane ciniki a asusu daban don kuɗin asibitin duk wadda kayanki ya taɓa.